Daren da Na Yaga Kundin Tarho

Duk wanda ya halarci daren rufe Makon Ɗalibai na bara zai tuna da wani siririn yaro da ya hau dandamali da riga mai dogon hannu, ya raba wani ƙaton littafi gida biyu da hannunsa, fili ya ɗauki ihu. To, ni ne. Har yau in na bi ta wajen masu shayi a bakin ƙofar makaranta sai wani ya ɗaga murya ya ce, "Sillan Kara, zo ka yaga mana takardun jarrabawar nan kowa ya huta!" In yi dariya in wuce. Editan mujallar nan ya matsa mini in rubuta yadda aka yi, wai jama'a na son jin sirrin. Zan faɗa, don ba wani abin ɓoyo ba ne. Amma akwai ragowar labarin da ba a gani a dandamali ba, kuma ita ce ta sa na yarda na ɗauki biro.

Bari in fara da Gingimari. Ba sunan yankansa ke nan ba, amma ina jin ko masu gadin hostal da shi suka san shi. Ɗan HND ne a sashen gine-gine, kuma duk wanda ya kwana a bulok ɗinmu ya san ƙarar ƙarfensa da asuba: manyan gwangwanayen madara biyu da aka cika da siminti, aka soke su da bututun ruwa. A gaskiya ba mugu ba ne. Irin mutanen nan ne da wasansu da hannu yake. Wata safiya ina ND I, muna layin ruwa a famfon da ke kusa da kafteriya, sai kawai na ji ƙafafuna sun bar ƙasa. Ya ɗauke ni, ni da bokitina, ya ajiye a gefe kamar kujerar tsuguno, ya ce, "Matsa nan, Sillan Kara, kar iska ta tafi da kai." 'Yan matan ajinmu uku suna wucewa a daidai lokacin. Ɗaya ta toshe baki da mayafi. Daga ranar sunan ya bi ni, har wani lakcara ya taɓa kirana da shi a aji.

Na yi dariya tare da kowa, don me zan yi? Kilo 52 gare ni. Amma abin ya zauna mini a ƙirji.

Da muka gama ND I aka tura mu SIWES na wata huɗu. Ni wata maɗaba'a na samu a Kano, aka haɗa ni da masu gyaran injuna, wanda a aikace yana nufin goge baƙin mai da sayo ƙosai. A nan na haɗu da dattijon da ke kan injin yanka takarda. Kowa Baba yake ce masa. Siriri ne kamar ni, har ya fi ni ramewa, ga goro ba ya rabuwa da bakinsa. Wata rana aka ɓata aikin wani littafi mai kauri, shafukan suka fito a hargitse, aka tara su za a sayar wa masu awo. Ina tsaye Baba ya ɗauki guda, ya riƙe shi a gaban cikinsa, ya ɗan lanƙwasa, sai na ji ƙas-ƙas-ƙas, littafi ya zama biyu. Ya jefar, ya ci gaba da taunar goronsa.

Na ce, "Baba, don Allah me ka sha?"

Ya ce, "Koko, Injiniya. Irin wanda ka sayo ɗazu."

Sai da na yi sati biyu ina yi masa hidima kafin ya nuna mini. Ga yadda abin yake, kowa ya buɗe kunne. Ba ta wajen ɗauri ake kama littafin ba, ta bakin da ake buɗewa ake kama shi. Hannu biyu, manyan yatsu a sama suna kusa da juna a tsakiya, sauran yatsun a ƙasa. Ƙaramin yatsa da na kusa da shi su ne masu aikin: su za su damƙe littafin tamau, kada su saki ko kaɗan. Sai ka danna tsakiya da manyan yatsu har bakin littafin ya lotsa ya yi kwari kamar harafin V. Kana riƙe da wannan damƙar, sai ka karya gefunan biyu zuwa ƙasa. Abin da zai faru shi ne shafukan sama za su ɗame kamar fatar ganga, na ƙasansu kuwa suna sake, da 'yar iska a tsakaninsu. Duk ƙarfin hannunka zai taru a kan 'yan shafukan da suka ɗame. Su fashe, na bayansu su ɗame, su ma su fashe. Wannan ƙas-ƙas ɗin da ake ji ke nan. Mai kallo yana ganin mutum ya yaga shafi ɗaruruwa a lokaci guda, alhali kaɗan-kaɗan ya bi su, sai dai da saurin da ido ba ya rabewa.

Baba ya ƙara mini da abin da shekaru a gaban injin suka koya masa. Ya ce takarda tana da jijiya kamar rake. Lokacin da ake yin ta a masana'anta, zaruruwan itacen da ke cikinta sukan kwanta ta fuskar da injin yake gudu. Ku gwada da tsohuwar jarida: ta wata fuskar za ta yage a miƙe kamar an sa rula, ta ɗaya fuskar kuwa sai ta yi ta karkacewa. Sannan takarda tana shan danshin iska. Da damina takan yi taushi da naci, da hunturu ta bushe ta yi saurin karyewa. Shi ya sa, in ji shi, aikin da aka lanƙwasa lafiya a watan Agusta yakan tsage a kan lanƙwasar a watan Janairu.

Da muka dawo ND II, a kwas ɗin da ake koya mana juriyar ƙarafa da sauran kayan aiki, malaminmu ya zo kan batun tsaga. Ya kawo labarin wani injiniyan Ingila, A. A. Griffith, wanda a 1921 ya wallafa bincikensa a kan gilashi, ya nuna cewa 'yan ƙananan tsagogin da ido ba ya gani su ne ke sa abu ya karye tun bai kai ƙarfin da ya kamata ya jure ba, domin nauyi yakan taru a bakin tsaga. Ajin duk ana hamma. Ni kuwa gabana faɗuwa ya yi, don na san wannan tun ina ɗan shekara shida. Abbanmu, Allah Ya jiƙansa, yadi yake sayarwa a Kantin Kwari. In ya auna, sai ya ɗan ciji bakin yadin da almakashi, tsagar da ba ta kai faɗin farce ba, ya kama gefe biyu ya ja, yadin ya tafi fiii har ƙarshe. In babu wannan 'yar tsagar, ƙato biyu ma sai su yi ta fama. Kusan wannan ƙarar ce kaɗai abin da nake tunawa sosai game da shagonsa. Ina aji uku a firamare ya rasu.

Da Makon Ɗalibai ya matso, jami'in walwala na ƙungiya ya liƙa sanarwar gasar ƙarfi: jan igiya, murɗe hannu, ɗaga buhun yashi. Na je na ce masa ya ƙara abu ɗaya, ni da Gingimari, littafi ɗaya, wanda ya kasa zai yi wa ɗan uwansa ɗiban ruwa wata guda. Ya dube ni sama da ƙasa ya ce, "Kwamared, lafiyarka ƙalau?" Amma ya san abin zai tara jama'a, sai ya rubuta. Gingimari da ya ji, dariya ya yi har da riƙe ciki, ya aiko a gaya mini in fara neman babban bokiti.

Saura littafi. Ba kowane littafi ke yi ba. Mai bangon kwali ba ya lanƙwasuwa, mai takarda mai sheƙi santsi gare shi. Abin da ake so shi ne mai kauri, mai laushin bango, mai siririyar takarda, wato dai kundin lambobin tarho. Shi ya sa a Turai da Amurka masu nuna ƙarfi suka mayar da shi abin wasansu shekara da shekaru. To amma a ina ɗalibi zai samo kundin tarho a yau? Yawancinmu ba mu taɓa ganinsa ba. Kafin wayar salula ta shigo a 2001, layukan tarho na NITEL a duk faɗin Nijeriya ba su kai rabin miliyan ba, a ƙasar da mutanenta suka haura miliyan ɗari. Wanda duk yake da layi, sunansa da adireshinsa da lambarsa suna cikin kundi, an jera bi da bi. Kano 064, Kaduna 062, Zariya 069. Shiga wannan littafin ba ƙaramin abu ba ne a lokacin. Da salula ta zo kowa ya koma ajiye lambobi a aljihunsa, kundayen suka ƙare a hannun masu ƙosai da masu tsire.

Ni na san inda guda yake. A saman sif ɗin Ummanmu, bayan jeren kwallayenta, a naɗe cikin leda. Abba yana da tarho a shago, kuma an sha ba mu labarin yadda maƙwabtansa na layi suke zuwa amsa kira daga Legas a wajensa, yaron shago yana gudu yana kiran mutane. Na je gida ƙarshen mako, na jira Umma ta shiga maƙwabta barka, na taka kujera na sauko da shi na cusa a jaka.

A nan ne ba ni da abin da zan kare kaina da shi. Na san sunan Abba yana ciki. Ban taɓa buɗewa na duba ba, amma na sani. Na gaya wa kaina cewa tsohuwar takarda ce, layin ma ya mutu tun kafin in yi wayo, Umma kuma ba ta karatun boko, me za ta yi da shi? Har na yi niyyar in nemo shafin in cire kafin ranar. Sai na tuna Gingimari zai duba littafin, in ya ga an taɓa shi zai ce an yi maguɗi. Na bar shi.

Daren ya zo, ana tsakiyar hunturu, iska tana kaɗa ƙura a fitilun janareta. Aka miƙa wa Gingimari littafin. Ya juya shi, ya buɗe, ya shinshina ma, wai ko an jiƙa shi da wani abu. Sannan ya tuɓe riga, 'yan bulok ɗinsu suka ɗauki kirari. Ya kama shi a shimfiɗe kamar mai shirin karya katako, ya ja. Jijiyoyin wuyansa suka tashi. Ya canza riƙo, ya sa a gwiwa, ya murɗa. Wallahi na tsorata, don na ga bangon ya fara tattarewa, na ce yau ƙarfin tsiya zai yi abin da lissafi ya ce ba zai yiwu ba. Minti uku aka ba shi. Da alƙali ya busa usur, bango kawai ya yage da 'yan shafukan farko. Ya jefo mini shi yana haki ya ce, "In ka yaga wannan, ni ma ka yaga ni."

Hannuna rawa yake. Damƙar farko ta zame saboda gumi, aka fara ihun "Sauko! Sauko!" Na goge tafina a wando, na sake kamawa, na danna, na karya gefunan. Sai ƙarar nan ta zo. Ƙas-ƙas-ƙas. Takardar da ta shekara fiye da ashirin tana shan zafin Kano ba ta yi gardama ba. Fili ya yi tsit, sannan ya fashe.

Abin da masu ihu ba su lura da shi ba shi ne na kusa jin kunya a ƙarshe. Dabarar tana kai ka ne har bakin ɗauri, daga nan ta sallame ka. Wajen ɗaurin akwai gam, shafukan duk a manne suke, babu iskar da za ka raba su da ita. Nan sai abin da Allah Ya ba ka a damtse. Na dafa shi a cinya, na tura da dama na ja da hagu, na ji kamar kafaɗata za ta fita, ina ta karanto duk addu'ar da ta zo bakina. Da ƙyar ya rabu. Kwana uku ban iya riƙe biro da kyau ba.

Aka ɗaga ni sama, wannan karon da yardata. Gutsattsarin takarda suna ta tashi a iska, ana tattakawa. Shugaban ƙungiya ya karɓi makirufo, da yake ɗan siyasa ba ya barin taro ya tafi a banza, ya ce wannan darasi ne ga ɗalibai, tsintsiya maɗaurinki ɗaya, in muka bari aka raba mu shafi-shafi hukumar makaranta za ta yaga mu. Aka yi tafi. Ni dai ina can ina tattara rabi biyun littafina, ina neman jakata.

Washegari labari ya canza kama. Wasu suka ce laya ce a ƙarƙashin doguwar rigar, shi ya sa ban tuɓe ba. (Ban tuɓe ba ne don kada a ga haƙarƙarina.) Wani ya rantse kakana ɗan tauri ne. Wani ɗan sashen kimiyyar abinci kuma ya ce gasa littafin na yi. Wannan aƙalla ya san wani abu, domin masu maguɗi a wannan wasa sukan sa littafi a tanda ya bushe ƙayau, yadda ko yaro zai karya shi. Ban gasa ba. Amma in za a bi gaskiya, hunturu da shekaru sun yi mini rabin gashin.

Gingimari ya cika alkawari. Kullum da safe sai in tarar da bokiti biyu a ƙofar ɗakinmu. A rana ta tara ya tsaya har na fito, ya ce, "Ƙanena, don girman Allah nuna mini." Yadda ya faɗa ɗin ya sa na kasa ƙi. Muka samo wani tsohon kundin kayan gyaran mota a wajen wani bakanike, wanda ya fi nawa kauri nesa ba kusa ba, ni ko lanƙwasa shi ban iya ba. Na nuna masa inda zai sa yatsu. Gwaji na biyu ya raba shi, har ɗaurin, kamar mai gutsura gurasa. Ya tsaya yana kallon hannunsa. Abin da na yi sati biyu ina roƙo, na yi wata uku ina gwadawa, ya ɗauke shi a minti goma. Damtsen da ya yi shekara huɗu yana ginawa kuwa ba a koya mini shi a minti goma. Sarautata ta kwana tara ce. Na ce masa ya bar ɗiban ruwan haka, ya ce a'a, alkawari alkawari ne.

Sai a daren nan na zauna na buɗe rabi biyun a kan katifa, na bi haruffa har na kai. Ban sha wahalar nema ba, domin an naɗe kusurwar shafin, kuma takardar wajen ta yi duhu da laushi irin na abin da yatsa ya daɗe yana shafawa. An ja layi da jan biro a ƙarƙashin suna ɗaya. Tsagar ta biyo ta kansa a karkace. Sunan Abba yana rabin sama, cikakke. Adireshin shagon ya rabu biyu. Inda lambar take kuwa babu, wannan gutsuren yana cikin waɗanda suka tashi a fili aka tattake.

Da asuba na koma filin. Masu shara sun riga ni tun kwana takwas.

Na kai wa Baba a maɗaba'a ko zai iya wani abu. Ya juya rabi biyun, ya ga jan layin, ya dube ni. Ya ce, "Injiniya, na koya maka yaga littafi. Ban ce ka yaga na gidanku ba." Ya ce kundin ba zai ɗinku ba, amma ya zare shafin nan a hankali, ya shafa gam a wata siririyar farar takarda, ya haɗa rabin sama da na ƙasa a kanta, ya danne da ƙarfe har ya bushe. Ramin lambar ya fito fari fat. Bai karɓi ko sisi ba, bai kuma ƙara ce mini komai ba.

Sati uku ina ɗauke da shafin a cikin littafin zane kafin na iya zuwa gida. Na tarar da Umma tana tankaɗe a tsakar gida. Na durƙusa na gaishe ta, na ajiye ledar a gabanta, na faɗi komai, har da bokitin da 'yan matan. Ba ta katse ni ba. Da na gama ta ce ai tun ranar da na tafi ta ga kwallayenta sun gota, ta san ni ne, ta ɗauka wani aikin makaranta zan yi da shi.

Ta goge hannunta a zani, ta ɗauki shafin. Yatsanta ya tafi kai tsaye kan jan layin. Ta ce ranar da aka kawo kundin shago, Abba da kansa ya taho da shi gida a bayan babur, ya tara su ita da kakarmu, ya nuna musu, ya ce ga sunansa a littafin gwamnati tare da na bankuna da manyan kamfanoni. Shi ya ja layin don ta riƙa ganewa. Ta ce ban da katin shaidarsa, nan ne kaɗai wurin da ta san an buga sunansa da inji.

Na ce, "Umma, ki yafe mini."

Ta ce, "Babana, ka ci gasar dai ko?"

Na ce na ci.

Ta ce, "To."

Da ta zage ni da ya fi mini sauƙi. Ta ci gaba da kallon shafin, sannan ta sa farce a kan farin ramin ta ce, "Nan fa? Ina lambar?" Na ce ta ɓace a fili. Ta yi shiru kaɗan. Sai ta ce in miƙo biro. Na laluba jaka na ciro. Ta ce, "Rubuta," ta karanto mini lambobi shida a jere, da Turanci, yadda Abba yake faɗa wa abokan cinikinsa, ba ta yi tuntuɓe ko sau ɗaya ba. Na rubuta su a kan farar takardar da Baba ya manna, hannuna yana karkacewa. Ta karɓa ta duba kamar mai karantawa, ta mayar da shafin cikin ledar tare da rabi biyun, ta ce in taka kujera in mayar inda na ɗauko, in kuma gyara mata kwallayenta yadda suke.